Tambaya da Amsa: Makaranta, Ruwa da Fili a Ƙarƙashin Dokokin Jihar Legas

Wasiƙun da suka zo wa wannan fili daga masu karatunmu na Legas a 'yan makonnin nan sun karkata ne ga al'amuran da ake yanke hukuncinsu a Alausa, inda ofishin gwamna da majalisar dokokin jihar suke, ko da yake nauyinsu a Agege da Idi-Araba da Mile 12 yake sauka. Mun taƙaita tambayoyin, mun kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni uwa ce, muna zaune a Agege da maigidana da yaranmu. Kullum muna ji a rediyo cewa karatu kyauta ne a makarantun gwamnati, amma babu zangon da zai wuce ba a turo yara su karɓo kuɗin wani abu ba, yau na jarrabawa, gobe na gyaran benci. Maƙwabciyata kuma ta ce mini kyautar ta 'yan asalin jiha ce, mu da muka zo daga Arewa ba ma ciki. Malam, mene ne gaskiyar lamarin, kuma daga ina kuɗin makarantun nan yake fitowa?

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Maganar maƙwabciyarki ba ta da tushe a doka. Dokar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, wadda aka kafa a 2004 zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, ta wajabta wa gwamnati ta ba kowane yaro karatu kyauta na shekara 9, wato 6 na firamare da 3 na ƙaramar sakandare, kuma babu inda ta tambayi jihar da iyayensa suka fito. Sashe na 42 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kuma hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabilarsa ko addininsa ko garin asalinsa. Abin da makaranta za ta nema a wurinki shi ne shaidar cewa a Legas kuke zaune, wato katin hukumar rajistar mazauna jiha, LASRRA, wanda ake ba kowane mazauni ko daga ina ya zo, tare da takardar haihuwar yaro. Yawancin iyayen da suka rubuto mana cewa an mayar da 'ya'yansu, idan aka bi diddigi sai a tarar ɗaya daga cikin takardun nan biyu ce babu.

Kuɗin kuwa ta hanya uku yake zuwa. Gwamnatin tarayya tana ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigarta ga hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, UBEC, amma jiha ba ta iya taɓa kasonta na gine-gine da kayan aiki sai ta ajiye daidai abin da za a ba ta, kuma wannan sharaɗi ne ya sa kuɗin wasu jihohi yake kwana shekaru a Abuja babu mai ɗauka. A Legas hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, LASUBEB, mai ofishi a Maryland, ita ke karɓar wannan kuɗi tana kula da makarantun firamare. Albashin malaman firamare an saba cire shi ne daga kason ƙananan hukumomi. Sakandare kuma kasafin kuɗin jiha ne yake ɗaukar nauyinta ta hannun gundumomin ilimi 6, kuma Agege tana gunduma ta ɗaya tare da Alimosho da Ifako-Ijaiye.

A ganina, tushen kuɗaɗen da ake turo yaranki su karɓa shi ne cewa albashi da gini suna cinye mafi yawan abin da aka ware, kuɗin hidimar yau da gobe kuma, irin su alli da ruwa da gyaran ƙofa, yakan zo kaɗan ko ya zo a makare, sai shugaban makaranta da ƙungiyar iyaye su juya kan iyaye. Wannan bayani ne na dalili, bai halatta abin ba. Dokar 2004 ta lissafa littattafai da kayan koyarwa da azuzuwa da kujeru cikin abubuwan da za a bayar kyauta, ta kuma tanadi tarar da ba ta wuce naira 10,000 ba ko ɗaurin wata 3 ga wanda ya karɓi kuɗi a kansu. Saboda haka gudummawar da iyaye suka amince da ita a taronsu, kowa ya bayar gwargwadon ikonsa, daban take da kuɗin da za a kori yaro daga aji idan bai kawo ba. Idan aka sake turo su, ki nemi a rubuto buƙatar a takarda, ki karɓi rasit idan kin biya, kuma idan abin ya kai ga korar yaro, ku haɗu ku iyaye da dama ku kai ƙara a rubuce ofishin ilimi na ƙaramar hukuma idan firamare ce, ko ofishin gunduma idan sakandare ce. Ƙarar mutum goma da sa hannu ta fi ƙorafin mutum ɗaya a bakin ƙofar makaranta nauyi.

Akwai abin da ya kamata maigida ya sani tun da wuri. Gwamnatin jiha tana biya wa ɗaliban ajin ƙarshe na makarantunta kuɗin jarrabawar WAEC, amma akan nemi shaidar cewa uba ko mai riƙon yaro yana biyan haraji. 'Yan kasuwarmu da yawa suna biyan kuɗin tikiti iri-iri kowace rana, amma ba su da lambar haraji ko takarda guda da sunansu a kai, sai shekarar jarrabawa ta zo su shiga faɗi-tashi.

Babbar matsalar Legas dai ita ce ƙarancin gurbi. Tun zamanin Gwamna Lateef Jakande, wanda ya yi mulki daga 1979 zuwa 1983, ya gina azuzuwa masu yawa ya soke tsarin da wasu yara ke zuwa da safe wasu da rana, yawan jama'a yake tsere wa ginin makarantu. Makarantun firamaren gwamnati kimanin 1,000 ne, alhali ƙidayar da aka yi tsakanin 2010 da 2011 ta gano makarantu masu zaman kansu sama da 12,000. Don haka a je rajista da wuri. Ga iyayen da ke ajiye 'ya'ya mata a gida saboda tsoron za a cire musu hijabi kuwa, Kotun Ƙoli ta raba wannan gardama a watan Yuni na 2022, inda ta tabbatar wa ɗalibai Musulmi 'yancin sanya shi a makarantun gwamnatin Legas.

TAMBAYA: Malam, ni ɗan garuwa ne a Idi-Araba. Mai rijiyar burtsatsen da muke ɗiba ya ƙara mana kuɗin jarka, mu ma muka ƙara, yanzu matan gida suna zaginmu cewa mu ne muke tsawwala wa talaka. Sannan wasu mutane suna tare mu suna cewa jami'ai ne, wai doka ta hana sayar da ruwa babu lasisi. Shin gwamnati ce ke yanke farashin ruwa? Kuma da gaske za a hana mu sana'a?

AMSA: Allah ya yi wa sana'a albarka, ɗan'uwa. Rigimar kuɗin ruwa ta girmi kowa a garin nan. A 1908 da gwamnatin mulkin mallaka ta kawo shawarar ɗora wa mutanen Legas harajin ruwa domin gina matatar ruwa ta Iju, jama'a sun yi bore, Sarkin Legas na lokacin, Eleko Eshugbayi, yana tare da su, kuma duk da haka aka buɗe Iju a 1915. Har yau ita da ta Adiyan su ne ƙashin bayan ruwan famfon jihar: Iju an faɗaɗa ta har ta iya tace galan miliyan 45 a rana, Adiyan miliyan 70. Alƙaluman da Hukumar Ruwa ta Legas ta sha bayarwa sun nuna cewa dukkan tashoshinta, manya da ƙanana, idan suna aiki yadda ya kamata za su bayar da kimanin galan miliyan 210 a rana, buƙatar jama'a kuma ta kai miliyan 540 tun shekarun baya. Rashin wuta da fashewar tsofaffin bututu suna sa abin da ke isa gidaje ya gaza wannan nesa ba kusa ba, aikin Adiyan kashi na biyu kuma ya daɗe ana jiransa. Wannan giɓi shi ne ya haifar da sana'arka.

Game da farashi, dokar harkar ruwa ta jihar ta 2004 ta kafa hukumar sa ido, LASWARCO, wadda aka ba ikon bayar da lasisi ga masu sana'ar ruwa, da duba ingancinsa, da amincewa da kuɗin da ake cajin masu amfani da ruwan famfo. Amma a aikace babu wani ofishi da ke zama ya yanke kuɗin jarkar da kake turawa a kura. Farashinta yana bin kuɗin da mai rijiya ya kashe wajen ɗago ruwan ne. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, sannan aka ninka kuɗin wutar lantarki fiye da sau uku ga unguwannin da ke rukunin farko, wato waɗanda aka ware wa wuta mafi yawan sa'o'i, a watan Afrilu na 2024, duk mai janareto ko famfon lantarki ya ga canji a aljihunsa. Abin da ya kamata matan gida su sani shi ne cewa kai ne na ƙarshe a layin, kuma ribarka ce mafi ƙanƙanta. Abin takaicin shi ne, mai sayen ruwa jarka-jarka a Mushin ko Ajegunle yana biyan kuɗin lita fiye da mai gidan da bututun gwamnati ya isa ƙofarsa, wato wanda ya fi rashi shi ya fi biya.

Batun lasisi kuma yana da asali, sai dai an karkatar da shi zuwa kanka. Dokar kare muhalli da majalisar jiha ta zartar a 2017, zamanin Gwamna Akinwunmi Ambode, ta ƙunshi tanadin neman izini kafin haƙa rijiyar burtsatse da sayar da ruwa, abin da ya jawo suka daga ƙungiyoyin farar hula har da wani jami'in Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yancin samun ruwa, domin sun ga bai dace a hukunta mutane a kan neman abin da gwamnati ta kasa ba su ba. Inda hukuma ta fi mayar da hankali shi ne kan masu rijiyoyin kasuwanci da masu tankoki da masu ruwan leda. Saboda haka mai rijiyar da kuke ɗiba shi ya kamata ya mallaki izini da takardar gwajin ruwa, kuma kuna da haƙƙin ku tambaye shi. Wanda ya tare ka a titi kuwa, ka nemi katin aikinsa da takardar biya mai hatimin gwamnati. Kuɗin hukuma ta banki ake biyansa, ba a miƙa shi hannu da hannu a bakin kwata. Shawarata ita ce shugabannin 'yan garuwa na unguwarku su je sakatariyar ƙaramar hukuma su nemi a rubuta musu abin da ake bin ɗan garuwa, idan akwai, kowa ya riƙe kwafi.

Ba na ganin za a iya hana sana'ar nan matuƙar famfo bai kawo ruwa ba. Abin da zai iya jawo muku fushin hukuma da na jama'a shi ne tsabta. Kwalarar da ta ɓarke a watan Yuni na 2024, wadda ta fi tsanani a Tsibirin Legas, ta sa ido ya koma kan duk mai sayar da abin sha. Kada a ɗebi ruwa daga rijiyar da ke kusa da masai ko kwata, kada a zuba ruwan sha a jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko sinadari, kuma a riƙa wanke jarkoki akai-akai. Ruwan ƙasa a Legas ba duka ne lafiyayye ba: a yankin Lekki da Ajah gishiri da tsatsa suna shiga rijiyoyi, a Baruwa da ke Ipaja kuma man da ya tsiyaya daga bututu ya gurɓata rijiyoyin mutane shekaru masu yawa.

TAMBAYA: Ni ɗan kasuwa ne a Mile 12, na daɗe ina haya, yanzu ina so in sayi fuloti a wajen Ikorodu in gina wa iyalina. Dillali ya kai ni wurin wasu 'yan gida ɗaya, sun nuna mini fili mai araha, sun ce gadonsu ne, za su ba ni rasit na iyali, baale, wato dagacin Yarabawa na wurin, shi ma zai sa hannu. Wani abokina ya ce Bahaushe ba ya samun takardar mallaka a Legas, in saya kawai in yi gini da sauri. Me za ka ce?

AMSA: Ranka ya daɗe, Alhaji, kada ka biya ko sisi tukuna. Abokinka ya yi kuskure a magana ta farko, shawararsa ta biyu kuma ita ce ta raba mutane da yawa da dukiyarsu. Sashe na 43 na kundin tsarin mulki ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin mallakar fili ko gida a ko'ina cikin ƙasar, kuma Hausawa sun mallaki gidaje da takardunsu a Agege da Obalende da Ebute Metta tun kaka da kakanni.

Dole ne a fara fahimtar wane ne mai ƙasa a idon doka. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa dukkan ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, kuma an saka ta cikin kundin tsarin mulki yadda majalisar jiha ba za ta iya soke ta ba. Abin da mutum yake riƙewa haƙƙin zama ne da amfani, wanda takardar da ake kira C of O take tabbatarwa, galibi na shekara 99. Idan mai wannan haƙƙi zai sayar ko ya jinginar, sashe na 22 ya ce sai da yardar gwamna, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa haka ba shi da inganci. A shari'ar bankin Savannah da Ajilo a 1989 Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa sharaɗin ya hau har kan waɗanda suka mallaki filayensu tun kafin 1978. Rasit na iyali shaida ce kawai ta cewa ka ba da kuɗi, sa hannun baale kuma girmamawa ce ta al'ada, ba ya maye gurbin yardar gwamna.

Arahar da ka ambata ita ta fi tayar mini da hankali. Tun shekaru da dama gwamnatin Legas ta karɓe manyan yankuna a Ikorodu da Epe da Ibeju-Lekki da Badagry da sauransu. Wasu an riga an ware su domin wani aiki, kamar hanya ko rukunin gidaje ko masana'antu ko noma, kuma irin waɗannan ba a sake su ga kowa. Wasu an karɓe su ne a dunƙule ba tare da aiki takamaimai ba, kuma daga cikinsu ne gwamnati take yanka wani ɓangare ta mayar wa 'yan asalin ƙauye, ta buga iyakokinsa a gazet, wato jaridar sanarwar gwamnati. Iyali na iya zama da gaskiya cewa kakanninsu ne suka noma wurin, amma idan fulotin ya faɗa wajen abin da aka sakar musu, ba su da abin sayarwa. Ana iya halatta wasu filayen daga baya idan ba a ware su domin wani aiki ba, sai dai da kuɗi mai yawa kuma babu tabbas. Wanda ya san haka ya rufe ido ya biya, to, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Hanyar bincike ba ta da wuyar fahimta, ko da yake tana cin lokaci da kuɗi. Ka ɗauki safiyo mai rajista, naka na kanka, ba wanda masu sayarwa suka kawo ba, ya auna fulotin ya fitar da lambobin iyakarsa, a kai ofishin Babban Safiyon Jiha a duba a taswira ko yana cikin filin da gwamnati ta karɓe. Idan sun ce an sakar musu, su kawo lambar gazet ɗin, lauyanka ya gwada ta da awon safiyo, domin an sha nuna wa mai saye gazet na gaske alhali fulotin yana can gefe. Lauyan zai kuma bincika a ofishin rajistar filaye da ke Alausa ko an taɓa sayar da wurin, ko an jinginar da shi a banki, ko ana shari'a a kansa. Ka kuma koma wurin kai kaɗai ba tare da dillali ba, ka gaisa da maƙwabta, ka tambaye su wa suka biya kuma sau nawa suka biya.

Filin iyali yana da nasa hukuncin a al'adar Yarabawa, kuma kotuna sun daɗe da tabbatar da shi: ciniki ba ya ƙulluwa sai da shugaban iyali tare da manyan wakilan kowane ɗaki. Idan wasu 'yan gida suka sayar babu shugaban, cinikin ɓatacce ne tun daga tushe, idan kuma shugaban ya sayar a madadin iyali ba tare da yardar sauran ba, suna iya zuwa kotu su rushe shi. Daga nan ne ake samun labarin mutumin da ya fara gini sai wani reshe na gidan ya taso ya ce ba a ba shi kasonsa ba. Saboda haka a rubuta yarjejeniyar sayarwa da sunayensu da hotunansu da sa hannunsu, a biya ta banki da sunan da ke cikin takardar, sannan a nemi yardar gwamna, a biya kuɗin hatimi, a yi rajista. Mun saba da ciniki na amana, a tafa hannu a gaban liman ko sarkin kasuwa a wuce, kuma hakan yana aiki tsakaninmu a kan buhun albasa ko tirelar tumatir. A kan fili a Legas ba ya isa, addininmu ma ya yi umarni da a rubuta mu'amala a kafa shaidu, kuma magadanka za su fi kowa buƙatar takardar.

Su kuwa 'yan omo onile, wato masu iƙirarin su ne 'ya'yan masu ƙasa, masu zuwa neman kuɗin harsashin gini da na rufi da na katanga, dokar kare kadarori ta jihar ta 2016 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 10 ga mai ƙwace fili da ƙarfi, ta hana tare aikin gini domin karɓar kuɗi, kuma akwai kwamiti na musamman a ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a da ke karɓar irin wannan ƙara. Dokar ta bar wa iyalin da suka sayar damar karɓar kuɗin al'ada na shiga fili da izinin shugabansu, don haka a rubuta shi cikin yarjejeniya tun farko, a san an gama. Kwamitin kuma takardunka zai fara tambaya. Gini da sauri babu izinin hukumar tsara birane ba ya ƙara maka haƙƙi ko kaɗan, sai dai ya ƙara yawan abin da za ka rasa ranar da aka zo da katafila.

TAMBAYA: Muna sana'ar dabbobi a wata kasuwa da iyayenmu suka kafa tun wurin yana daji. Yanzu ana raɗe-raɗin za a tashe mu. Idan aka rushe, doka ta ce a biya mu diyya?

AMSA: Malam, amsar ta dogara ga abin da ke hannunku. Sashe na 28 na dokar 1978 ya ba gwamna ikon soke haƙƙin zama saboda maslahar jama'a, bisa sharaɗin a ba mai haƙƙin sanarwa, sashe na 29 kuma ya tanadi diyya a kan abin da aka gina ko aka shuka, ba a kan darajar ƙasar kanta ba. Wanda ke da haƙƙin zama da doka ta sani shi ake biya. Yawancin 'yan kasuwa kuwa takardar rumfa ce daga ƙaramar hukuma a hannunsu, tun da kafa kasuwanni da kula da su aikin ƙananan hukumomi ne, kuma mai irin wannan takarda matsayinsa kusa yake da na ɗan haya. Wanda ya yi gini a kan magudanar ruwa ko ƙarƙashin babbar wayar lantarki ko gefen layin dogo, da wuya ya ga diyya. Daɗewa a wuri, komai tsawonta, ba ta mayar da filin gwamnati ya zama na mutum.

Duk da haka ba a ce ku zauna ku naɗe hannu ba. Tarihin garin nan ya nuna fuska biyu. A watan Yuli na 1990 gwamnatin soja ta Raji Rasaki ta rushe unguwar Maroko bayan gajeren wa'adi, aka kiyasta mutum 300,000 suka rasa matsuguni, kuma da yawansu sun mutu suna bin haƙƙinsu. Amma a watan Yuni na 2017, a ƙarar da mutanen Otodo Gbame da sauran unguwannin bakin ruwa suka shigar, Babbar Kotun Legas ta yanke cewa korar jama'a babu isasshiyar sanarwa kuma babu tanadin inda za su koma ya saɓa wa kundin tsarin mulki. Mutanenmu na kasuwar Alaba Rago su ma sun ga wa'adin tashi na kwana 14 a watan Mayu na 2022. Abin da na lura da shi shi ne, sai an liƙa sanarwa sannan ake fara neman takardu da lauya, alhali lokacin ya ƙure.

Tun yanzu ƙungiyarku ta yi rajista idan ba ta yi ba, ta tattara takardar farko da aka ba iyayenku izinin zama, da rasit na kowace shekara, da jerin masu rumfuna da hotunan gine-gine, a ajiye kwafi a wajen kasuwar. A rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisar jiha mai wakiltar mazaɓarku, ɗaya daga cikin 40 da ke Alausa, a nemi bayani a rubuce, a kuma karɓi hatimin shaidar karɓa a kan kwafinku. Sarkin Hausawa yana da amfani wajen buɗe ƙofa da sasanci, amma ya tafi da takarda a hannu. Idan babu kuɗin lauya, Ofishin Kare Haƙƙin Jama'a na jihar, OPD, yana bayar da taimakon shari'a kyauta ga marasa ƙarfi. Abin da ya fi dacewa ku nema shi ne isasshen wa'adi da wani wurin da za ku koma da takardar rabo da sunan kowa, domin wannan ya fi samuwa a kan diyyar kuɗi.

TAMBAYA: Mai gidan da nake haya a Ojo ya kawo mini takardar harajin gida ta gwamnati ya ce ni zan biya, sannan yana neman kuɗin hayar shekara biyu a dunƙule. Haka doka ta ce?

AMSA: A'a, Malam. Harajin amfani da ƙasa, wanda jihar ta fara karɓa a 2001 ta hanyar haɗe kuɗin ƙasa da na gida da na raya unguwa wuri guda, aka ƙara shi a 2018 har jama'a suka yi ca, sannan aka sassauta a 2020, a asali yana wuyan mai gida ne. Ba zai koma kanka ba sai idan ka sa hannu a yarjejeniyar da ta ce kai za ka biya, don haka ka sake karanta takardarku. Idan ka ga dole ka biya domin kada a rufe gidan, ku rubuta cewa za a cire daga kuɗin haya, ka riƙe rasit.

Game da shekara biyu, dokar haya ta 2011 ta hana mai gida ya nemi fiye da kuɗin shekara 1 daga mai biyan shekara-shekara, ko fiye da na wata 6 daga mai biyan wata-wata, kuma ta ɗora laifi har a kan ɗan hayan da ya yarda ya biya. An cire Apapa da Ikoyi da Victoria Island da unguwar GRA ta Ikeja daga dokar, amma Ojo tana ciki. Idan ya ce ka tashi saboda ka ƙi, mai biyan shekara yana da notis na wata 6 matuƙar yarjejeniyarku ba ta faɗi wani wa'adi dabam ba, kuma ko bayan notis kotu ce kaɗai ke fitar da ɗan haya. Kafin abin ya kai can, ka kai maganar Cibiyar Sasanta Jama'a ta jihar, wadda ke da rassa a sassan Legas kuma ba ta karɓar kuɗi, ka tafi da yarjejeniyar haya da rasit ɗinka na ƙarshe.